Barmo Mai Cigiya da Saniyar Kaltumi

Barmo ya shekara ashirin da biyu yana cigiyar dabbobi a kasuwar Gure. Asalinsa manomi ne daga wani ƙauye kusa da Kelle. Da ciwon ƙafa ya raba shi da gona, sai ya koma ci da muryarsa. Duk wanda akuyarsa ko raƙuminsa ya ɓace, wurinsa yake zuwa.

Aikinsa da tsari yake. Ba ya yarda a ce masa "jar saniya" a yi shiru. "Jajaye sun cika daji," in ji shi. Sai ya zaunar da mai dabba ya karɓi kamanni huɗu daga bakinsa, kowace kama kalma biyu a haɗe: farin goshi, dogon wuya, da makamantansu. Uku yake faɗi a kasuwa. Ta huɗun yana barin ta a cikinsa.

A bazarar 1934 saniyar Kaltumi ta ɓace. Kaltumi tsohuwa ce mai riƙon jikoki uku marayu, kuma da nonon saniyar nan take ciyar da su. Barmo ya yi kasuwa biyu yana kira: "Jar saniya, mai farin goshi, tsagaggen kunne, karyayyen ƙaho!"

A kasuwa ta uku wani makiyayi, Hammajoda, ya koro ta daga wajen Bune, inda ta shiga garkensa. Kafin Kaltumi ta iso, wani dillali mai suna Garbai ya kama igiyar ya ce tasa ce. Aka tafi gaban mai gari. Garbai ya jero kamannin uku ba gargada.

Barmo ya ce, "Madalla, ka iya sauraro. Saura ta huɗu."

"Haba Baba Barmo, saniya guda sai ka ce amarya? Kama nawa za a faɗa?"

"Ɗaya ta rage, ɗana."

Garbai ya zagaya saniyar sau biyu, ya ɗaga wutsiya, ya leƙa baki. "Baƙin kofato," ya ce.

Hammajoda ya yi dariya. "Duk garkena baƙin kofato ne. Zo ka kwashe."

Barmo ya juya ga Kaltumi. "Iya, faɗi abin da kika faɗa mini."

"Mataccen nono," ta ce. "Na baya, wajen hagu. Tun haihuwarta ta fari ba ya kawowa."

Mai gari ya sa aka kawo ƙwarya. Kaltumi ta tsuguna ta ja nonuwan ɗaya bayan ɗaya. Uku suka zubo, na huɗun ko ɗigo. Garbai ya saki igiyar, ya ce ashe kama kawai ta yi da tasa.

Washegari da hantsi Kaltumi ta kawo wa Barmo kindirmo a ƴar ƙwarya. Ya sha rabi, ya miƙa mata sauran.

"Kai wa yaran, Iya. Sati uku ba su gani ba."