Tatsuniyar da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

Ina da shekara bakwai lokacin da aka kawo ƙanwata Bilki yaye gidan kakarmu, Inna Dije, a Karare. Ni dama can nake zaune. Mahaifiyarmu ta sauke ta daga goyo, ta sha ruwa, ta zame ta bayan rumbu kafin yarinyar ta waiga. Kwana biyu Bilki tana kuka har muryarta ta dushe. Duk abin da aka kai bakinta sai ta kau da kai.

A rana ta uku, bayan sallar magariba, Inna ta ƙara kara a murhu, ta ɗora Bilki a cinya, ta ajiye 'yar ƙwarya a gefen ƙafarta. Mu jikoki muka kewaye ta. Ba ta fara yadda ta saba ba. Cewa ta yi, “Ga ta nan tafe, kowa ya buɗe baki.” Mun ɗauka amsa take so, muka amsa mata da ƙarfi.

Wai wata barewa ce ta ƙetare kogi neman ciyawa, kafin ta dawo ruwa ya ciko. Ɗiyarta ta rage a wannan gefen, ba ta san komai ba sai nono. Wata tsohuwar kunkuru ta ɗauke ta, amma ɗiyar ta ƙi ci, ta ƙi sha, kullum tana bakin ruwa tana kallon tsallake. Ana nan sai ga kabewa ta gangaro, ta ce da ita, “Lashe ni sau ɗaya, in rage miki kogin nan da taki ɗaya.” Ɗiyar barewa ta lasa, ruwa ya ja baya. Ta ƙara, ya ƙara ja. Inna na cikin lissafa takun, sai kawai ta ce ruwa ya tsaya, kowa ya tashi. Ba ƙarshe, ba komai.

Washegari ta sake ɗauko ta daga farko. Barewa, kogi, kunkuru, duk suna nan. Amma da aka zo wurin kabewa, sai wake ne ya gangaro. Na ce mata jiya kabewa ta ce.

“Jiya kabewa ce,” in ji ta. “Ke da kika fi ni sanin ta, zo ki karɓa mana, malama.”

Abin ya tsaya mini a rai. Na san tatsuniya ba ta canzawa. In ka kuskure kalma ɗaya yara ma gyara maka suke. Wannan kuwa kullum da sabon baƙo. Ran nan kunun gyaɗa ne, ran nan dankali, ran nan kindirmon da wata Bafulatana ƙawar Inna ke kawowa. Har na fara tunanin ko tsufa ne ya kama Inna. Wani maraice ƙwan zabo ne ya gangaro. Matar kawuna, da ke wanke-wanke a gefe, ta ɗago kai ta ce ai ba a ba yarinya ƙwai, sata za ta koya. Inna ko kallonta ba ta yi ba.

“A tatsuniya ne, ɗiyata. Mi barewa za ta sata?”

Manya suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ina ganin hannun Inna yana zuwa ƙwarya yana komawa bakin Bilki, amma idona na kan wuta, hankalina na bakin kogi. Abin da nake so in sani ɗaya ne: ɗiyar ta ƙetare ko ba ta ƙetare ba? Na tambaya ya fi sau goma. Wata rana ta ce ta ƙetare mana. Wata rana ta ce ta yi ƙiba ta manta da kogin. Da aka zo aka tafi da Bilki, kumatunta sun ciko, na roƙi Inna ta ƙarasa mana. Ta ce tatsuniyar ta bi mai ita gida. Ba ta sake yin ta ba har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu ina aure a Batsari, ina da 'ya, Ummi. Da lokacin yayenta ya yi, surukata ta aiko daga Runka a kai mata ita kamar yadda aka saba. Amma yadda hanyar ta zama ba tsaro, ba mai ɗora jaririya a babur ya bi ta da kwanciyar hankali. Muka ba ta haƙuri. Sai ya zama ni zan yaye ta da kaina, tana ganina, tana jin ƙamshina, ina hana ta. Kwana takwas ba ta ci abin kirki ba. Zaren da ke wuyan hannunta ya fara sauka da kansa. A asibiti an ce in riƙa canza mata abinci mai laushi, kada in tsaya kan koko kaɗai. Na rubuta komai a takarda, na dafa komai, ta ture komai.

Rana ta tara, bayan magariba, na zauna gaban kurfotin gawayi da ita a cinya, kai ya ɗaure mini. Don in hana kaina kuka na fara ba ta labarin barewa. Na kai wurin da baƙo ke gangarowa, sai na tsaya. Kabewa ce, ko wake? Shekara ashirin ban san wanne ne na gaskiya ba. Na sunkuyar da kai ina tunani, idona ya faɗa cikin kwanon da ke gefen ƙafata. Faten dankali ne.

Na daɗe ina kallonsa. Ashe Inna ba ta taɓa mantawa ba. Ƙwaryarta take dubawa.

Na ce da Ummi, a hankali, kowa ya buɗe baki. Na ce dankali ne ya gangaro. Ta dubi bakina, ta buɗe nata kaɗan. Cokali uku ta karɓa a ranar, washegari biyar, da wake.

Duk da haka ban warware ba. Inna kunkuru ce kawai, aikinta a fili yake. Ni kuwa ni ce kunkurun, ni ce kuma uwar da ke tsallake, kuma da hannuna na cika kogin. Duk cokalin da Ummi ta haɗiye nakan ce mata ruwa ya ja da taki ɗaya, alhali ban san ko kusantowa take yi ko nisa ba. Jiya ta karɓe cokalin daga hannuna ta kai bakinta da kanta, ba ta ko jira baƙon ya gangaro ba. Na ci gaba da labarin ni kaɗai, har kwanon ya ƙare.