Shirun da Babana Yake Bari a Wayarmu

Sallama gare ku, ma'abota wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, yau ga nawa. Labarin yadda mahaifina ya kusa rasa ganinsa ne alhali kusan kullum ina jin muryarsa a cikin ɗakina. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin ni malamar firamare ce a Kalakla, kudancin Khartoum, da yara biyu da cikin na uku, ga surutu, ga son a ce na waye. Mu jikokin mahajjata ne. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya Omdurman ya ɗan huta, hutun da har ya koma ga Allah bai gama shi ba. A nan aka haifi Babana. Ɗinkin hula ne sana'arsa, kuma bayan rasuwar mahaifiyarmu ya koma unguwar Dar Salam, can bayan Omdurman, da zama, shi da ƙanwarsa, gwaggona, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Ƙanena yana ƙasar waje wajen nema, saboda haka ni kaɗai Baba yake da ita a kusa. Ni ce kuma 'yar fari, kun dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya "ke" ce, da na fara koyarwa na zama "Malama". Ko ruwa yake so, in ni ce a kusa, sai dai ya yi gyaran murya ya jira in lura.

Wan mijina ne ya aiko mana da wayar daga Jidda. Irin mara igiyar nan ce, kana iya ɗaukar kanta ka zaga gida da shi, gindinta kuwa yana kan tebur. In an kira ba a ɗauka ba, sai ta amsa da kanta ta naɗi saƙo, wata 'yar jar wuta ta riƙa ƙiftawa har a saurara. Maigidana, wanda yake aiki a wata masana'anta a Bahri, arewacin Khartoum, ya ɓata yinin Juma'a guda yana haɗa ta, yana korar yara kamar mai haɗa jirgin sama. Ni aka ba aikin naɗar muryar da za ta riƙa tarbar masu kira. Na yi ta da Larabci, ina ta gogewa ina sakewa, har ta fito irin ta masu karanta labarai a rediyo: ba ma nan, a bar saƙo bayan ƙara. Wallahi na ji daɗin kaina ranar.

Ba a yi nisa ba maƙwabta suka gano cewa wayar tana kamawa har bayan katangarmu. Shi ke nan ta zama ta unguwa. Mai miji a Saudiyya za ta miƙo hannu ta saman katanga, mai ɗa a makarantar kwana za ta aiko, wata ma don ta zauna kan gadonta tana hira ƙafa kan ƙafa. Kan wayar yakan dawo mini yana ƙamshin turaren wuta ko warin albasa, batirinsa ya mutu, wani lokaci sai washegari nake tuna gidan da ya wuni. Ban taɓa jin haushi ba, har alfahari nake yi. Sai dai sakamakon haka, yawancin masu kiranmu na'urar suke samu, ko muna gida ko ba ma nan. Ni ma na saba. Na koyi barin ta ta amsa ina saurare daga nesa, in na ga dama in ɗauka, in ban ga dama ba in ce anjima.

Baba ba shi da waya. Akwai wani shago a bakin titin unguwarsu inda ake biya a yi kira, can yake takawa bayan la'asar. Kiransa na farko da ya faɗa hannun na'urar, sallama ya yi, ya jira, ya sake yi, ya jira, ya yi ta uku, sannan ya ce wa mai shagon ga alama mutanen gidan sun fita, ga dai yarinyar ta yi magana ta tafi. Mun sha dariya ni da maigidana har da hawaye. Na kira mai shagon na roƙe shi ya yi wa Baba bayani cewa in ya ji ƙarar ya faɗi abin da zai faɗa, zan ji in na dawo. Ya kuwa gane, don Baba ba mutum ne mai wuyar koyo ba. Daga nan saƙonninsa suka fara zuwa, kusan kalmominsu ɗaya:

"Salamu alaikum. Malama, kin wuni lafiya? Ya maigidan, ya shugul, ya aikin nasa? Ya yaran? Ya ƙarfin jiki? Gwaggonki tana gaishe ki. Mu nan alhamdu lillahi, lafiya lau, kwayyisin."

Daga nan sai shiru. Ba ya ajiye wayar. Ina jin numfashinsa, ina jin kurar jakin mai ruwa tana wucewa a bayansa, har na'urar ta gaji ta katse shi. Na ɗauka bai iya ajiye waya ba ne, ko kuwa yana jiran mai shago ya karɓa. Yarana sun haddace gaisuwar, suna kwaikwayon muryarsa a tsakar gida, har shirun suke yi, su kumbura kumatu su tsaya cak sai mun fashe da dariya. Da tafiya ta yi tafiya, da zarar na ji ya kai "kwayyisin" sai in danna gogewa, in ce Allah sarki Baba, in ci gaba da aikina.

Da farko a mako sau ɗaya yake kira, sai ya zama sau biyu, sai ya zama kusan kullum. Ni kuwa hankalina sai ƙara kwanciya yake yi. Daga Kalakla zuwa Dar Salam tafiya ce ta gaske, sai ka sauya mota ka sake sauyawa, ka haye gada, ga zafi, ga ni da nauyi. Duk Juma'ar da na yi niyyar zuwa sai in ce ai jiya ma na ji muryarsa garau, bari sai wani makon. A da, kafin wayar, ba na iya wata guda ban je na gan shi ba, don in ban je ba ba ni da labarinsa. Yanzu labarinsa yana zuwa har kan teburina, ga shi da bakinsa yana cewa lafiya lau. Wasu lokuta maigidana yakan dace da kiran, amma kun san suruki da suruki. Su gaisa cikin girmamawa, kowa ya sunkuyar da kai kamar ɗayan yana ganinsa, Baba ya ce dama gaisuwa ce, a gai da Malama. Haka watanni suka shuɗe ban taka Dar Salam ba.

Akwai yammacin da har yau ba ya barin zuciyata. Ina gida, hannuwana dumu-dumu da ƙullun kisra, wainar dawar mutanen nan, waya ta yi ƙara, kanta kuma yana nan kan tabarma kusa da ni. Na bar na'urar ta ɗauka. Muryar Baba ta cika tsakar gidan, ya gaishe ni, ya gai da kowa, ya yi shirunsa. Ina tsaye ina jin numfashin mahaifina, tsakanina da shi wanke hannu ne kawai, na ce bari in gama wannan, ai gaisuwa ce.

Ranar da Allah ya nufa, maƙwabciyata ta miƙo mini kan wayar ta katanga, yana shiga hannuna ya yi ƙara, na danna ba tare da tunani ba. Kafin in buɗe baki Baba ya fara. Ya saba da na'urar har ba ya tsayawa a amsa masa, ya jero gaisuwarsa tun daga sallama har "kwayyisin", ya yi shiru. Ni kuma bakina ya faɗi abin da kowane ɗan Hausa yake faɗa wa wanda ya gama gaisuwa bai tashi ba. Na ce, "Lafiya dai, Baba?"

Na ji ya ja dogon numfashi. Ya ce, "A'a, Malama, yau ke ce da kanki? To, alhamdu lillahi. Dama wata 'yar magana ce."

'Yar maganar ita ce, tun kafin azumi ya lura allura tana ɓace masa, gefen idonsa na hagu yana duhu. Ya je asibitin unguwa, likita ya ce yana zargin "moya zarga" ce, wato hawan jinin ido, ya tura shi babban asibitin ido a Khartoum, ya ce kada ya jinkirta. Ya kuma ce lallai ya je da wani, don za a ɗiga masa maganin da zai hana shi gani sosai na wasu sa'o'i, ba zai iya hawa mota shi kaɗai ba. Gwaggo ba ta iya tafiya. Maƙwabtansa masu aikin yini ne, in ba su fita ba ba su ci ba, ba zai iya ɗora musu ba. Saura ni. Sai ya riƙa takawa shago, ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tsaya ya jira a tambaye shi abin da ke tafe da shi, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa a zauren kowa. Na zauna a ƙasa nan gindin katanga.

Washegari ban je makaranta ba, na kama hanyar Dar Salam. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki cikin farar jallabiyarsa, ya shirya tun da safe, hular da ya fara ɗinkawa tana gefe ba a gama ba. Gwaggo tana ganina ta fara faɗa, rabi da Hausa rabi da Larabci, wai ta ce masa ya faɗa wa akwatin wayar kawai ya ƙi. Baba ya ce mata ta bar yarinya ta sha ruwa tukuna. A asibiti, bayan awo, likita ya kira ni gefe ya ce na hagun ya riga ya tafi, abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa, amma na daman za a iya tsare shi da aiki da magani in an yi sauri. Ya tambaye ni me ya sa aka makara haka.

A motar komawa na kasa daurewa, na tambayi Baba don me bai faɗa a saƙon ba, ko da kalma ɗaya. Ya yi murmushi ya ce shi bai iya kai kukansa inda ba a ce masa mene ne ba, balle wajen 'yarsa, balle a cikin gidan surukinsa inda kowa zai ji. Na fara kuka a gaban mutane. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Malama, bar kuka, kina da nauyi. Ai ban yi asarar zuwa shagon ba. Kullum sai na ji muryarki, ga Larabcinki kamar na gidan rediyo." Yana tsokanata ne don in yi dariya, ni kuwa kukan ya ƙaru.

An yi aikin, Allah ya sa an dace, idon dama ya tsira. Muka ɗauko shi da gwaggo suka yi jinya a wajenmu, kuma a nan wayar ta gamu da maigidanta na gaskiya. Ranar farko da ya ji tana ƙara muna zaune ba wanda ya motsa, ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce mu ɗauka, mutum ne a can yake tsaye. Daga ranar kan wayar ya koma aljihun jallabiyarsa. Maƙwabciya in tana so, sai ta zo ta gaishe shi ta yi kiranta a gabansa ta mayar. Duk wanda ya kira sai Baba ya gaisa da shi tsaf, sannan ya ce, "To, lafiya dai?" Har wanda ya yi kuskuren lamba ba ya tsira. Akwai wani bawan Allah da ya kira yana neman wani gareji, suka ɓata lokaci da Baba, mutumin yana ba shi labarin ciwon mahaifiyarsa, Baba yana yi masa addu'a. Na'urar amsawar kuwa, maigidana da kansa ya kashe ta, ba wanda ya ce masa ya yi.

Ba na ɗora wa waya laifi, abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi. Ni ce na san halin mahaifina tun ina goye, na san mutumin da ba ya iya ce mini ba ni ruwa ba zai ce wa akwati idona yana mutuwa ba, amma na bar jin daɗin sabon abu ya mantar da ni. Yanzu wayoyin sun koma aljihu, saƙon murya ya zama ruwan dare, kowa yana saurara a lokacin da ya ga dama. Ina roƙonku, 'yan'uwana, in dattijonku ya aiko da gaisuwa zalla, musamman in ya fara yawaita ta, kada ku ce gaisuwa ce kawai. Ku kira shi, ku bar shi ya gama, ku tambaye shi, sannan ku yi shiru ku jira amsa. In da hali ku je ku dube shi da idonku, don iyayenmu sun fi ƙarfin su roƙe mu.

Baba yana nan da ransa, ya koma ɗinkinsa a hankali, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Amma duk lokacin da na je gaishe shi na ɓullo masa ta hagu, ba ya sanin na iso. Sai in tsaya ina kallonsa yana ɗinki, 'yarsa tana dab da kafaɗarsa bai sani ba, sannan in zagaya ta dama in durƙusa in ce, Baba, ga ni.