Na Ga Ciwon Sukari A Jikin Ɗan Farina, Kunya Ta Rufe Mani Baki

Kaka ce irin wadda manoma ke daɗewa ba su gani ba. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kankiya da Kusada gero ya yi, dawa ta yi, wake kuwa har aka rasa wurin shanya. Amma ni in na tuna shekarar nan ba rumbu ke faɗo mani a rai ba, tabarmin zaman makoki ne. Ba a gama naɗe na wannan gida sai a shimfiɗa na wancan. Kuma ba yara ke tafiya ba kamar zamanin ƙuruciyarmu da ƙyanda da sanƙarau ke kwasar su, magidanta ne majiya ƙarfi. Wani ya faɗi a gona da lauje a hannu, wani ya wayi gari rabin jikinshi ba ya motsi, wata ta kumbura kamar an hura ta. Duk wanda ka tambaya sai ya ce kwana ne ya ƙare, ko kuma iska ce ta shafe shi.

A lokacin ni matar aure ce mai ɗiya da jikoki, marar hayaniya, irin wadda ake nuna wa amare a ce su koyi haƙuri da kawaici a wurinta. Ban yi boko ba, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. A nan ne wata rana wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mana bayani. Ta ce hawan jini da sukari da ciwon ƙoda sun daina zama ciwon masu kuɗin birni, yanzu a ƙasar nan gaba ɗaya suna ƙara kashe mutane, har da mu na karkara, kuma ba su da ihu, a hankali suke cin mutum yana tafe yana dariya. Ta lissafo alamun sukari: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, rama alhali ana cin abinci, ciwon da ba ya warkewa. Mata na ta dariya suna tsokanar wata mai ƙiba a cikinmu, ni kuwa ban yi dariya ba, don ɗana na fari take kwatantawa kamar ta san shi.

To a wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunanshi, ba ta zama hira da shi, ba ta tambayar lafiyarshi a gaban mutane. Ina da shekarun da ban gama wayo ba na haife shi, ana yaye shi kakarshi ta wajen uba ta ɗauka, a ɗakinta ya girma duk da gida ɗaya muke. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Yaya yake ce mani kamar yadda ya ji ƙannena na faɗi. In zan ambace shi sai in ce yaron can, ko mai mota, da yake direba ne, yana jigila tsakanin Kano da Katsina. Amma rashin kiran suna bai hana ido gani ba. Na san takunshi tun daga zaure. Na ga agogon hannunshi ya fara zamewa har gwiwar hannu. Na ga in ya dawo yakan tsaya bakin randa ya yi ta kwankwaɗar ruwa kamar wanda ya keto daji, ga lemon kwalba ba ya rabuwa da shi, ga shayin tasha mai kauri da sukari, wai shi ke hana shi gyangyaɗi a kan hanya.

Sai na bi hanyar da aka koya mana, wato aike. Na fara gaya wa mai gidana, na ce yaron can yana ramewa, ko za a sa shi ya je a duba shi. Shi ma kunyar ce ke ɗawainiya da shi, ya ce namiji ne da iyalinshi, ba jariri ba, kuma in mutane suka ji ina wannan zance sai su ce na fara zubar da girma. Na koma wurin gwaggon yaron, ƙanwar mai gidan, mace mai barkwanci. Na yi mata bayani dalla-dalla, har sunan ciwon na faɗa mata. Da ya shigo ta tare shi a tsakar gida tana dariya, ta ce wai ko amaryar tashi ta daina sa mai a miya ne ya bushe kamar karan dawa, ya je ya nemi magani kafin iska ta ɗauke shi da motar baki ɗaya. Kakarshi, wadda ke kiran shi angonta, ta ce ai laifin kishiyarta ne, ya dawo ɗakinta ta yi mashi fura da zuma ya murmure. Aka yi ta shewa. Washegari ya sayo wata gora ta jiƙo wurin masu tallar magani da lasifika a tasha, wai na basir da dattin ciki. Abin da ya rage daga saƙona ke nan bayan ya bi ta bakuna.

Ranar da ba ta barina barci ita ce wata Juma'a bayan an sauko. Muna sussukar gero a tsakar gida, mata cike, sai ya shigo yana ɗingishi. Bai wuce ɗakin kakarshi ba kamar yadda ya saba, ya zo ya zauna kan turmin da ke kife kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi ya ce Yaya ki ga wannan ɗan ciwon, tun damina ƙarfe ya yanke ni wurin canjin taya, ya ƙi kamewa. Na kalla. Bakin ciwon ya yi baƙi, yatsan ya kumbura, har wari na ji. Maganar ta zo mani har maƙogwaro: tashi yanzu mu tafi Kankiya a auna jininka. Na ɗaga kai na ga idanun matan nan duk a kaina, kowa na jira ta ga yadda zan yi. Sai na ce Allah ya sawwaƙe, na ɗauki faifaina na juya. Ya ɗan jima zaune, sannan ya mai da takalminshi ya tashi. Ina ji wata tsohuwa na cewa kai, wannan baiwar Allah akwai kunya, irinsu sun ƙare.

Daga nan aka shiga ɗaura ganye da barbaɗa gari. Matarshi yarinya ce, ita ma kunyata take ji, in na aika a tambaye ta jikin mai gidanta sai ta aiko da sauƙi. Har bazara ta shigo yana fita aiki, yana taka giya da birki da ƙafar nan. Wata rana yaran tasha suka kawo shi a kwance, ya suma a bakin mota. Aka kai shi asibitin Kankiya, suka duba suka ce a wuce da shi Katsina. A wannan karon ban tambayi kowa ba na shiga motar.

Likitan ya ce sukari ne, ya daɗe a jikinshi, ya taɓa ƙoda, ƙafar ma sai an yanke. Ya tambaya tun yaushe aka fara ganin alamu. Uban ya dubi gwaggon, gwaggon ta dubi matar, kowa ya ce ai kwanan nan ne. Sai na ji bakina ya buɗe. Na faɗi lokacin da ya fara rama, da lokacin da ƙishirwar ta tsananta, da yadda ya koma sa silifa don takalmi ya daina shiga, da ranar da na ga yana matso da waya dab da ido kafin ya gane lamba. Duk suka juyo suna kallona. Likitan ya tambaya ni wace ce a wurinshi. Gwaggon ta yi karaf ta ce ai ita ce ta haife shi, kunya ce ba za ta faɗa ba. Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce Mama, kin ga duk wannan, me ya hana ki kawo shi?

An yanke ƙafar, an yi ta wankin ƙoda, gona ta tafi, motar ta tafi. Kafin ruwan farko ya sauka shi ma ya tafi, ya bar mata da ƙananan yara. Na san kwana in ya ƙare ba makawa, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Abin da ke ci mani rai shi ne zaman makokin. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a, don haka na zauna a kan tabarma ido a bushe, mata na shigowa suna wuce ni suna yi wa kakar gaisuwa, sannan su juyo su yaba mani. Wai ko hawaye ban yi ba, wai tun yana ciwo ba a taɓa jin na ɗaga murya ba, wai Allah ya ba ɗiyansu irin halina. A ranar addu'ar uku har wata ta kawo ɗiyarta mai cikin fari ta ce ta zauna kusa da ni ta ga yadda ake yi. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Abin da ya kai yarona kabari shi ake ɗaura mani a wuya kamar sarƙa.

Ba na cewa a zubar da kunya. Amma waɗanda suka kafa wannan al'ada ba su san ciwon da sai an auna ake ganin shi ba. Cututtukan yanzu ba su kwantar da mutum a rana ɗaya balle gari ya taru a kanshi, wanda ke lura da yadda kake cin tuwo da yadda kake taka ƙasa shi kaɗai ke gane su da wuri, kuma mafi yawa uwa ce. In aka rufe mata baki, wa ya rage? Ke da ke karanta wannan, in kin ga rama, ko ƙishirwa, ko kumburin ƙafa, ko ciwon kai da ba ya jin magani a jikin naki, kada ki aika. Aike yakan zama wasa kafin ya isa. Ki faɗa da bakinki, a gaban kowa, su ce ba ki da kunya. Masu yabon nan ba wadda ta zo ta taya ni renon marayu.

Washegarin addu'ar uku, tabarmi ba a gama naɗewa ba, na sa hijabina na tsaya ƙofar ɗakin ƙanen marigayin, shi ma ɗana, wanda na daɗe ina ganin yana dafe ƙeya yana cewa rana ce. Na ce ya fito mu tafi Kankiya a auna shi. Uban ya ce ana cikin makoki, me mutane za su ce. Na kama hannun gardin nan mai mata da ɗiya, muka bi ta gaban masu zaman gaisuwa har bakin titi, yana ta cewa Inna ki sake ni, wallahi zan je, mutane na kallonmu. Ban sake shi ba sai da ma'aikaciyar asibitin ta naɗa mashi abin awon hawan jini a damtse.