Mal-sun da Tantin Gwanjo

Shekara ashirin da shida Pyo Mal-sun ta yi tana ɗinkin tanti, ba ta taɓa kwana a cikin ko ɗaya ba. Ni shaida ce, don kekena na ɗinki yana bayan nata a masana'antar da ke Sasang, nan Busan, tun muna 'yan mata har furfura ta fara leƙo mana. Ta girme ni da shekara uku, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ta kira ni da sunana, Ok-bun. Tantunan da muke ɗinkawa a jirgin ruwa ake loda su, a kai wa masu hutu. Mu namu hutun Lahadi ɗaya ce a sati biyu, ita ma wanki ke cinye ta.

A layinmu kaf babu mai hannunta. In sabuwar yarinya ta ɓata ɗinki, Mal-sun ba ta faɗa. Sai ta ɗaga yadin wajen fitila ta ce, "Leƙo nan. Kin ga haske? To inda haske ya bi, nan ruwa zai bi."

Mijinta direban tirela ne a tashar jiragen ruwa. Ciwon hanta ya kashe shi ɗansu Tae-ung yana aji uku na firamare, kuma shi kaɗai suka haifa. Da masana'antar ta rufe, aka kwashe injina zuwa wata ƙasa, sai ta kama ɗan shago a ƙarƙashin matakala a kasuwar unguwarmu, tana rage tsawon wando da sauya zif. Ni kuma na kafa teburin sayar da kimchi, kabejin nan da muke jiƙawa da yaji, dab da ita. Da wannan keken ta kai yaron har kwalejin koyon gyaran injina.

Shi kuwa Tae-ung tun yana ƙarami ba ya ganin murfin tukunya ya ƙyale shi. Tsinken cin abinci yana shiga hannunsa kiɗa ya tashi. Saura shekara guda ya gama kwaleji ya zo shago ya ce ya bar karatu, zai tafi Seoul ya bi ganga, shi da abokansa sun kafa ƙungiyar kiɗa. Ina tsaye a wurin. Mal-sun ba ta ko tsayar da keken ba.

"Ganga ce za ta ciyar da kai?"

"Umma, ki saurare ni mana."

"Na ji. Ka je. Amma ka rubuta ka ajiye, ƙarshenka dako."

Ya tsaya jim yana kallon ƙeyarta, ya sunkuya ya gaishe ni, ya fita. Da farko yakan kira ranar sabuwar shekara da ranar bikin kaka, magana biyu uku a ajiye waya. Daga baya kiran ya koma saƙo. Shekara shida ba ta sa shi a ido ba. Ba ta ambaton sunansa, ni ma ban isa in ambata ba.

Ƙarshen bazarar shekarar da Mal-sun ta cika sittin da uku, 'yata Bo-ram ta nuna mini wata sanarwa a wayarta. Bikin kiɗa ne na kwana biyu da ake yi a wani tsibiri na cikin kogi can arewa, a watan Oktoba. A ƙasan jerin sunaye, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan ƙungiyar su Tae-ung: Kifin Tudu. Na kai wa Mal-sun. Ta gyara tabarau ta duba, ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da farke kalmasar wani siket.

Bayan kwana uku ta leƙo teburina.

"Ok-bun, nawa ake sayar da tanti yanzu?"

Ashe ta riga ta sa Bo-ram ta bincika mata. Masaukan garin sun cika tun watan Yuli, wanda ya rage kuma kuɗin kwanansa sai mai hali. Amma ana barin mutane su kafa tanti a filin tsibirin.

"Yaya, da wannan gwiwar taki za ki kwana a ƙasa?"

"Ba ni kaɗai ba. Da taki gwiwar za mu je."

Muka fara da wani katon kanti a Seomyeon. Wani saurayi mai sayarwa ya tare mu da fara'a, ya hau yi mata bayani. "Inna, wannan ɗinki biyu aka yi masa, an bi shi da tef ta ciki, ruwa ba ya…"

"Ɗana," in ji ta, "kafin a haifi uwarka na san tef." Ta shafa ɗinkin da babban yatsa, ta gyaɗa kai, aikin ya yi mata. Sai ta juya 'yar takardar farashin. Kuɗinmu won har dubu ɗari huɗu da tamanin. Ta saki takardar kamar ta taɓa garwashi. A bakin ƙofa ta ce mini, "Ashe abin da muke ɗinkawa ke nan. Da na sani da na riƙa yi masa ladabi."

Washegari muka shiga kasuwar Gukje. Can akwai masu araha jibge, amma duk wanda aka buɗe mata sai ta ɗaga shi sama ta leƙa. Ta mayar da na farko, ta mayar da na biyu. A na biyar mai shagon ya gaji.

"Goggo, kwana biyu fa kika ce! Ko tarewa za ki yi a ciki?"

"In na tare kai zan gayyata ka riƙa tare yoyo da baki, tunda bakin naka ba ya rufuwa."

Maƙwabtansa suka fashe da dariya, shi ma ya dara, amma ba mu saya ba.

Bo-ram ce ta cece mu. Ta samo a waya wani mutum a Haeundae da matarsa ta ba shi wa'adin sati guda ya kwashe tarkacensa daga baranda. Muka same shi a gindin benensu da silifa, ya shimfiɗa mana wani tsohon tanti ruwan ganye a kan ciyawa. Zif ɗin ƙofar ya mutu, gefe guda tartsatsin wuta ya huda shi wuri uku, sanda ɗaya ta tsage. Mal-sun ta durƙusa ta bi ɗinkin daga sama har ƙasa.

"Wadda ta ɗinka wannan ta san aiki," ta ce. "Na mutum nawa ne?"

"Uku, Inna. In ya yi muku yawa akwai ƙarami na mutum biyu a sama, shi lafiyarsa lau."

"Wannan nake so."

Na ce, "Yaya, mu biyu ne fa."

"Ƙafafuna suna son wuri."

Dubu ashirin ya karɓa, ya ƙara mana ɗan risho da tocila gyara, don murnar rabuwa da kaya. A hanyar komawa ta tsaya wani shagon gwanjo ta sayi katifun soso na shimfiɗa. Uku ta saya, da barguna masu zif uku. Na karɓi ɗaya na riƙe mata.

Kwana huɗu ta yi a kan tantin. Ta sa sabon zif, ta yi wa hujojin faci ciki da waje, ta ɗaure tsagaggiyar sandar da guntun bututu, ta bi kowane ɗinki da kaki. Da ta gama muka hau rufin gidansu don mu gwada kafa shi, a nan asirinmu ya tonu. Mu da muka ɗinka dubbai, ba mu san inda ake zura sanda ba. Sau biyu yana ruftawa a kaina. Wata maƙwabciya da ke shanya barkono ta riƙe ciki tana dariya. Mal-sun ma ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ga haƙoranta haka na manta.

Ranar Juma'a muka hau jirgin ƙasa, muka sauya wani a Seoul. Kayan kwana a bayanmu, ita kuma tana jan akwati mai taya cike da abinci: kimchi daga teburina, naɗin shinkafa, da ƙananan kifi soyayyu da gyaɗa, abin da Tae-ung ke ci har ya lashe murfin kwano. Filin tsibirin ya cika da tantuna kala-kala, yawancin masu su sa'annin jikokinmu. Da yamma aka ɗan yi ruwa. Na kusa da mu suka fito suna matse barguna, namu ko ɗigo. Mal-sun ta zauna a bakin ƙofa tana kallon rufin, kamar wadda aka ba lambar yabo.

Ƙarfe uku na ranar Asabar aka sa wa Kifin Tudu, a ƙaramin dandamali. Ta sa jakitinta na zuwa biki, ta shafa hoda. Tun ƙarfe biyu muka tsaya a gaba, jikin shinge. Suka fito su huɗu. Wadda ta zauna bayan ganguna wata yarinya ce mai gajeren gashi.

Mal-sun ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Ok-bun, idona ne?"

"Wataƙila sai a waƙa ta gaba zai fito, Yaya."

Waƙa bakwai suka yi. Duk wadda aka gama sai ta miƙa wuya tana duban gefen dandamali. Da suka sauka ta ja hannuna muka zagaya baya, ta roƙi mai gadi ya kira mata mawaƙiyar ƙungiyar. Yarinyar ta fito tana goge gumi, sunanta Hae-rim. Da ta ji ko wace ce sai ta sunkuya har ƙasa.

"Inna, ai ya bar mu shekara biyu da rabi ke nan. Tun bayan hannun."

"Wane hannu?"

Hae-rim ta dube ta, ta dube ni. Sannan ta faɗa mana. Kiɗa bai taɓa riƙe su ba, kowa da aikin da yake yi a gefe. Shi Tae-ung lodin kwalaye yake yi a wani sito da safe. Wata rana amalanken ƙarfe cike da kaya ya matse masa wuyan hannun dama da bango. Sau biyu aka yi masa aiki. Yana iya riƙe makaɗi, amma ba ya kai ƙarshen waƙa ɗaya. Ya sayar da gangunansa, ya koma wani sito a Icheon.

"Ai mun ɗauka kin sani," in ji ta. "Ce mana ya yi ya tafi Busan, ke kike jinyarsa."

Mal-sun ta yi mata godiya, har ta ce waƙarsu ta yi daɗi. Muka koma tanti. Ta zauna a kan katifar tsakiya ta kira shi. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Ƙarar injina ta daɗe da cin kunnenta, a buɗe take sa muryar waya, don haka na ji komai.

"Umma? Lafiya? Wane kiɗa nake ji?"

"Ina tsibiri. Kallonka na zo."



"To kin gani," ya ce. "Dako nake yi. Yadda kika faɗa haka ya zama. Ai ba ki taɓa kuskuren awo ba."

"Tae-ung, hannun naka…"

"Ya warke."

"Na kawo maka kifi da gyaɗa. Akwai wuri a tantin, na saya maka bargo. An ce awa biyu ce a mota."

"Ina da aiki gobe, Umma. Ki kula da sanyi. Ana kirana."

Ya katse kiran. Ni ce na fara kuka, ita ba ta yi ba. Ta buɗe akwatin ta fito da kwanonin, ta bi tantunan maƙwabta tana rabawa. "Ku ci, 'ya'yana, kada ya lalace." Suna ta godiya, suna cewa ina ma uwarsu ce. Da ta dawo da kwanoni wayam ta jera su a akwati ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ok-bun, lokacin da hannun yake ɗaure, wa ya riƙa wanke masa kai?"

Da sassafe muka naɗe kaya, ba mu jira kiɗan Lahadi ba.

Shekara uku ke nan. Tana nan a ƙarƙashin matakala, sai dai yanzu ni nake zura mata zare a allura. Duk wata takan aika masa kwalin abinci. Ba ya dawo da shi. Wani lokaci ya turo saƙo, "Ya iso," wani lokaci shiru.

A sanyin da ya wuce, wata Talata na zo na tarar da shagonta a rufe, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai washegari ta bayyana. Ashe motar asuba ta hau zuwa Icheon. Ta nemi siton da tambaya, ta zauna a rumfar jiran mota da ke tsallaken titi har lokacin tashi daga aiki. Ta ce ta gan shi. Ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fara ja baya kamar na ubansa. Hannun dama yana cikin aljihu. Suna tafe shi da wani abokin aiki, abokin ya faɗi wani abu, shi kuma yana ta dariya.

"To kika yi masa magana?"

"A'a."

"Haba Yaya! Tafiyar awa huɗu, ga titi kawai tsakaninku?"

"Dariya yake yi, Ok-bun. In na tsallaka, dariyar za ta tsaya."

Ta ce ta bi shi da ido har ya shiga mota, sannan ta nemi tata motar. Ta gama faɗa mini, ta jawo wani wando daga tarin da ke jiranta, ta tambaye ni ko mai shi yatsa biyu ya ce a rage ko uku.