Ranar da Talotalo Ya Ceci Littafi

Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar kama aiki, ba zan manta wata Asabar da aka gurfanar da littafi gaban talabijin ba. A lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata ta kwana a Azare, shekarun da kaset ɗin bidiyo ke tashe.

Littafin labarin wata jaruma ne da ta hau wani ƙaton tsuntsu, ta ƙetare kogin wuta don ta ƙwato ƙanenta daga hannun sarkin aljanu. Ɗalibaina, waɗanda shafi guda na darasi ke sa musu ciwon kai, sai ga su suna cinye shi kamar gyaɗa. Na nemi a sa shi a ɗakin karatu. Malamin ladabtarwa ya ce sam. Shi mutum ne da ya yi imani duk littafin da yaro ya karanta da murmushi akwai shaiɗan a ciki, kuma ya riga ya ƙwace kwafi da dama ya kulle a durowarsa.

Muka kai ƙara gaban Hajiya shugabar makaranta. Ta ɗaga littafin, ta auna nauyinsa, ta ajiye.

"Malama, ni ina zan kai wannan tubalin? An ce an yi fim ɗinsa. A kawo kaset mu gani. In ya yi, ya zauna. In bai yi ba, a ƙona."

Haka aka yanke: za a yi wa littafi shari'a da shaidar wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Bayan la'asar aka tayar da janareto a ɗakin cin abinci. Kogin wuta ya fara bayyana, ashe tattakar dawa ce aka cinna wa ashana a gonar wani bawan Allah. Sarkin aljanu ya fito da agogon hannu, wataƙila don kada ya makara wajen zalunci. A bayan fadarsa, wadda littafi ya ce tana ƙarƙashin ƙasa, ɗan acaɓa ya wuce da fasinja da buhu. Jarumar da na sani da mashi kuwa an mayar da ita mai kuka a gindin mangwaro. Sai ga wani saurayi da marubucin bai taɓa jin labarinsa ba ya zo ceto, amma kafin nan suka tsaya rawa da waƙa cikin furanni. Ƙanen da aka sace dai sai ya yi haƙuri a gama amshi.

Fuskar Hajiya ta haɗe. Ni kuwa na fara yi wa littafin addu'ar bankwana.

Sannan tsuntsun ya iso. Talotalo ne, an matso da kyamara kusa da shi, yana tsattsagar ƙasa. Ɗaki ya yamutse. 'Yan mata suka miƙe suna ihu, wannan na cewa fukafukansa rufe rana suke, waccan na kawo abin da jarumar ta faɗa masa kafin su tashi. Cikin hayaniyar wata murya mai kauri ta danne kowa:

"Ƙarya ne wallahi! Ita ta soke sarkin da kanta, babu wani saurayi! Kuma ina tsohuwar da ta ba ta zoben?"

Malamin ladabtarwa ne, a tsaye, hula a karkace.

Hajiya ta juya a hankali. "Malam, ba kai ka ce mini ko bangonsa ba ka buɗa ba?"

"Bincike ne, ranki ya daɗe."

"Har zoben?"

"Binciken ya yi zurfi."

Ta dubi yaran da ke gardama kan abin da suka karanta, abin da ba ta taɓa gani ba tun zuwanta makarantar. Ta ce a mayar da kaset, a buɗe durowa, a kai littattafan ɗakin karatu. Ɗaya kuma ta sa a jakarta.

Tun ranar na daina jin haushin fim ɗin da ya ɓata littafi. Na koyi cewa babu abin da ke tona mai karatu na gaskiya kamar a nuna masa talotalo a inda ya bar tsuntsunsa.