Ruwan Shuka Ya Same Mu a Turai

Lokacin da kuɗin man fetur ya fara juya kawunan mutane, ina koyar da aikin gona a jami'a, ina kuma da fegin gwaji a bayan garin Babura. Abokin aikina malami ne ɗan Nijar, nasa fegin yana tsallaken iyaka. Gero muke nema wanda zai nuna ko da damina ta ɗauke da wuri. Sharaɗin aikin shi ne mu shuka iri ɗaya a fegin nan biyu da ruwan farko. In ɗayanmu ya makara, gwajin ya tashi a banza.

Shi da Faransanci ya yi boko, ni da Turanci, amma ina ruwanmu? Ranar kasuwa yakan tsallako a babur, mu zauna gindin darbejiya mu kashe magana da Hausa, yana tsokanata wai arziki ya hana 'yan Najeriya tsugunno.

A shekarar ƙarshe ta gwajin, Turawan da ke ɗaukar nauyinmu suka kira taro a ƙasarsu, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wanda bai je ba, za a yanke masa tallafi. Na sami shugaban sashenmu na ce, "Ranka ya daɗe, a roƙe su su ɗaga zuwa kaka."

Ya ce, "Malam, jirgin kyauta kake wa tsiya? Gero gudu zai yi?"

Na ce to a bar wa ma'aikatan gona irin. Ya ce kayan jami'a ba sa fita sai a kan idonsa. Ya garƙame ɗakin ajiya, muka hau jirgi tare. Har yau ban yafe masa ba.

A can aka zaunar da masu Turanci gefe, masu Faransanci gefe, da tafinta a tsakani. Sai da aka fita shan shayi abokina ya iso gare ni.

"An bugo mini waya daga gida, an yi ruwan farko shekaranjiya. Ƙanena ya shuka nawa. Naka fa?"

Na ce irin yana kulle.

Ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, "Sau biyu na ƙi ƙarin girma a Yamai don in ga ƙarshen gwajin nan a daminar nan."

Da muka koma zaure, shugaban taron ya kira mu, ni da abokina, ya ce mu ne abin misali na haɗin kai tsakanin ƙasashe. Aka ce mu miƙe, aka tafa mana.