Uwar Kwalabe

A ɗakin gwajin nan ba mai kiranta da sunanta, sai Uwar Kwalabe. Shekara goma sha ɗaya tana renon wasu ƙananan halittu da aka ɗebo daga teku, cikin kwalabe arba'in da ke jere kan wani tebur mai girgiza su ba hutu. Su ne ke yin man omega, irin na jikin kifi. Ita kuwa ko tekun ba ta taɓa gani ba.

Laifinta ɗaya, ta iya aikin fiye da kima. Takardar umarni ta ce a sauya musu ruwan abinci duk kwana uku, amma ita da ido take aiki. Ta ɗaga kwalba a hasken taga, launin ruwan kaɗai ya gaya mata wadda ke jin yunwa. Sau ɗaya ta yi tafiyar kwana biyar, abokin aikinta ya bi takarda sau da ƙafa, kwalabe tara suka mutu. Tun daga ranar, maganar hutu ta zama abin kunya a bakinta.

Ga shi 'yarta tilo na da tsohon ciki, a garin da sai an yi yini biyu a mota kafin a kai. Kullum a waya tambayar ɗaya ce, yaushe Mama za ta zo. Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya ce ta ƙara haƙuri, an aika samfur a karanto tsarin gadon halittun. Da sakamako ya fito za a daskarar da su a firiza, ta tafi ko wata uku ne. Ta cika akwati da kayan jarirai, ta tura shi ƙarƙashin teburin, tana ƙirga kwana.

Ranar da sakamakon ya iso, Farfesa ya shigo baki har kunne. Wai halittar da ke kwalba ta sha bakwai tana ɗauke da abin da ba a taɓa gani ba, manta ninki biyu ne.

"Sai dai ba ta jure firiza, wadda muka gwada ta mutu," in ji shi. "Hannunki kaɗai ta sani. An ƙara wa aikin namu shekara biyar, baiwar Allah."

Ta ce madalla.

Waya ta yi ƙara a aljihun farar rigarta. Surukinta ne, naƙuda ta tashi, suna hanyar asibiti. Ta dubi akwatin, ta dubi ta sha bakwai. Ruwan ya fara dusashewa, alamar yunwa. Ta mayar da wayar aljihu, ta je wanke hannu don ta sauya ruwan.